Motar da Ta Durƙusa

Ku 'ya'yana, duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani ya tono zancen jar motar kakanku, ku yi ta dariya har da riƙe ciki, wai Baba ya kashe mota da hannunsa saboda son gayu. Jikokin da ba su taɓa ganin tana tafiya ba su ma sun haddace labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Ni na kashe ta, kuma akwai son gayu a ciki. Amma tunda ido ya fara gajiya, gara in rubuta yadda abin ya faru da hannuna, kada a bar uwarku ita kaɗai da ba da shaida, don ita tun ranar farko ta gama yanke mini hukunci.

Mahaifina direba ne na wani Bature injiniyan madatsun ruwa. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ga ɗawainiyar ɗaukar motarsa ta yi masa yawa, sai ya bar wa Baba ita. Ja ce, mai dogon hanci, kujera biyu kacal, sitiyarinta a dama irin na motocin da. Baba ya riƙe ta kamar ƙwai har ya koma ga Allah. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta sau biyu cikin ƙannena, don a Bodinga motar da ba ta ɗaukar buhun albasa ba mota ba ce. Haka ta faɗo hannuna. Na yi shekaru ina aikin malamin gona, ina fito da ita ran Juma'a kawai, lafiya lau, har na yi ritaya. Zaman banza shi ya fara ɓata ni, kai kuma Nasiru ka ƙarasa ni da hotunan da kake turo mini a waya, na tsofaffin motoci irinta da aka sauke su ƙasa aka sa musu faffaɗan tayoyi. Na kalla na sake kalla, har na ji tawa ta zama kamar raƙumi a idona. Kai ka aiko da kayan, kada ka yi musu.

Abin da ya zo a cikin kwali shokozoba ne guda huɗu, ƙarafan nan da ke tallafe mota a kan tayoyinta, kowanne sifirin ya naɗe shi, jikinsa da zare irin na noti, ga zobba a ƙarƙashin sifirin. In ka murza zoben sama mota ta ɗaga, in ka murza shi ƙasa ta sauka. Har da 'yar sifana mai kamar ƙugiya ta murzawa. Wannan dabara ita ta fi burge ni. Na baje su a tabarma ina yi wa uwarku bayani, cewa a kwalta mota za ta kwanta, in za a shiga daji kuma a ɗaga ta cikin minti kaɗan. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Malam, motar ga mi tay yi maka?"

"Gyara ta za ni yi."

"Mutane na neman mota mai tsawo don ruwan damana, kai kana neman ka kwantar da taka. Allah shi kyauta."

Na kai ta garejin Mamman, abokina tun makarantar allo, bakanike kuma mai walda. Mamman yana da aƙida ɗaya a sana'arsa, wadda duk direban da ke bin hanyoyin ƙauyukanmu yake yaba masa a kai: duk abin da zai iya kwancewa a jikin mota, to zai kwance, don haka gara a ɗiga masa walda tun bai kwance ba. Kwana uku muka yi a kan aikin. Shokozoban sun zauna ba gardama, tayoyin ne suka ba mu wahala. Faɗinsu ya sa suka leƙo waje, da an murza sitiyari sai su goge madigadi, ƙarfen da ya rufe samansu. Mamman ya aika maƙwabta aka aro masa taɓarya, ya cusa ta tsakanin taya da madigadi, ni ina tura motar gaba da baya a hankali, ƙarfen yana buɗewa. Matar da ta ba da aron ta leƙo ta ga abin da ake yi da taɓaryarta, ta yi salati ta koma. Daga nan muka shiga sauke mota. Mamman ya murza, in ja da baya in duba, in ce a ƙara. Sai da ya rage yatsu huɗu tsakanin cikinta da ƙasa na ce ya isa. Na tafi gida cin abinci, da na dawo ya miƙo mini makulli yana murmushi, ya ce ya ƙara mini wani ɗan gyara kyauta saboda zumunci. Na yi godiya, ban tambayi ko mene ne ba.

A shekarar ce Inna, mahaifiyata, ta samu kujerar Makka. Tana zaune a gidan nan, a ɗakin da yanzu kuke ajiye kaya. Kun san al'ada, mai tafiya aikin hajji sai ya bi dangi gida gida ya yi sallama ya nemi gafara, balle tsohuwa irinta da ta riga ta ɗinka likkafaninta ta sa a jaka, ba ta sa ran dawowa. Ta bi kowa, har Sifawa ta je wurin wata ƙawarta da suka yi faɗa tun suna 'yan mata. Mutum ɗaya ya rage, wanta Kawu Sanda, da ke ƙauyensu can bayan Dandin Mahe. Sun fi shekara goma ba sa magana. Dalili kuwa wata tsamiya ce a gonar gado, wadda mahaifiyarsu take zama a ƙarƙashinta tana kaɗin auduga. Kawu ya sa aka sare ta bai gaya wa Inna ba. Ta je ta tarar da kututture, ta faɗa masa abin da ta faɗa a gaban 'ya'yansa, shi ma ya mayar, shi ke nan. Kullum sai ta ce gobe za ta je, goben ba ta zuwa, har aka aiko cewa maniyyata su hallara a sansanin alhazai a Sakkwato washegari da safe.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ina zaune a gabanta ta dubi uwarku.

"Ki ce ma wancan shi hiddo motar ubanai. Gidan Sanda za ni."

Na ce a bari in samo mota mai tsawo a tasha, don an yi ruwa shekaranjiya.

"In tai gidan Sanda cikin motar haya awa wadda ta rasa gata? Motar mijina nika shiga."

Tun da aka yi aikin ba ta ga motar ba. Da aka fito da ita ƙofar gida ta tsaya ta dogara sanda, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi uwarku ko wace babbar mota ce ta taka ta. Shigar da ita ma aiki ne. Inna mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, kujerar kuma ta koma kusan ƙasa. Uwarku da maƙwabciyarmu suka riƙe ta ta hammata suka zura ta a hankali kamar guga a rijiya. Tana zama na ji motar ta yi ajiyar zuciya. Na zagaya na auna a ɓoye, yatsu huɗun nan sun koma biyu, ga goro da sabulu da yadin da ta saya wa Kawu ba a ma saka ba tukuna.

Zan faɗi gaskiya, a kan kwalta ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Motar ta manne da titi, kwana ta zo ta wuce ko girgiza babu, masu babura suna juyowa suna kallo har suna neman faɗawa rami. Na ji kamar ni ne Baturen. Tudun rage gudu ne kawai ke tona mini asiri. Kowane ƙauye sun yi nasu, wasu har uku a jere, sai in karkace in hau a gicciye kamar kaguwa, cikin motar ya yi ƙuuu, Inna ta ja salati. Amma hankalina kwance yake, don 'yar sifanata tana aljihu. Da muka sauka daga kwalta muka fuskanci hanyar amalanke, wadda tayoyi suka haƙa rami biyu suka bar doro a tsakiya, sai na tsaya a inuwa, na fito da jak da isa irin ta masu ilmi. Na cire taya, na saƙala sifana a zobe, na ja. Ko motsi. Na sa ƙafa na taka. Na goge laka da hannun riga na duba da kyau, sai ga ɗigon walda uku reras a kan zoben, an yi su da kyau kamar ado. Na leƙa sauran ukun, duk haka. Na kira Mamman a waya.

"Mamman, mi kay yi ma zobban ga?"

"A'a, ka gani ke nan? Walda niy yi musu. Kai dai gode Allah da idona ya kai wurin. Ko da hannu juyawa sukai, Malam. Wanda yay yi su bai san hanyarmu ba."

"Don su juya anka yi su!"

Sai ya ce, "To, ai yanzu ba su juyawa."

Ina mayar da taya ina zufa sai ga wata mai tallan fura daga ƙauyen su Inna. Ta gane ta, ta durƙusa suka gaisa, kuma da yake motar a ƙasa take, gaisuwar ta zo daidai taga. A bakinta muka ji cewa labarin zuwanmu ya riga mu isa, wani ya buga waya daga Bodinga. Kawu ya sa an ɗaura wa jakinsa akumari, ya ce da an sallame azahar zai tafi gidan 'yarsa a wani ƙauye ya kwana uku, wai yana da uzuri. Kowa ya san uzurin. Mai fura ta wuce, Inna ta zauna tana kallon gilashin gaba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Duk faɗan nan da isar nan sun zube, tsohuwa ce kawai mai jin tsoro.

"In nit tai ban gan shi ba, da wane baki za ni roƙon Allah gahwara?"

Ba da ni take ba, amma ni na ji. Na duba rana, ta kusa tsakiya. Na shiga na tayar da mota.

Dabarar da na yi ita ce in ɗora taya ɗaya a kan doron hanya, ɗaya a gefen gona, don kada cikin motar ya taɓa. Da siraran tayoyinta na da, da abin ya yiwu. Waɗannan faffaɗan kuwa ba su san laka ba, sai sulɓi suke yi kamar an shafa musu man shanu. Mun yi nisa a haka, ina addu'a ina murza sitiyari, har muka fara hango rumbunan ƙauyen. Nan ne gaban motar ya zame ya faɗa cikin ramin, na ji wani gau a ƙarƙashin ƙafata wanda har yau in na tuna sai haƙorana su yi tsami. Jar fitila ta kama a gabana. Na leƙa ta taga na waiga, sai ga baƙin layi yana bin mu a kan ƙasa. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya fashe a kan wani dutse.

A nan nake so ku tsaya ku saurara, don nan ne kuke tsallakewa in kuna ba da labarin. Na san abin da jar fitilar nan take nufi. Ɗan direba ne ni, tun ban kai in hango kan bonet ba Baba yake sa ni zaro sandar awon mai kowace safiya. In na kashe inji a wurin, ba abin da zai same shi. A liƙe kaskon da sabulu, ga shi ma muna ɗauke da shi, a aika garin Shagari a sayo mai, kafin la'asar mun tashi. Amma kafin la'asar Kawu ya yi nisa, Inna kuma ba ta iya taka ko zira'i ashirin, balle ma sai an sami masu ciro ta. Ba babur, ba amalanke, ba kowa a hanyar, kowa yana gona. Hannuna ya kai kan makulli. Sai iska ta kawo mana kiran salla daga ƙauyen, siriri. Na dubi Inna, ta runtse ido tana jan carbi da sauri. Na ɗauke hannuna daga makullin na taka totur.

Da farko injin bai ce komai ba. Daga baya ya fara wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a yashi, sannan wari ya taso, sannan ƙarar ta koma kamar maƙeri yana dukan ƙarfe a cikin bonet. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Ina tuƙi ina ba motar haƙuri a zuci, ina ba Baba haƙuri. Muka shiga ƙauyen da hayaƙi, kaji suna watsewa, na karya kwana na shiga lungun gidan Kawu, wanda iyakar faɗinsa amalanke ɗaya. Na manta tayoyina sun fi motar faɗi. Na dama ya ci katangar masallaci, na hagu ya cusa cikin darnin kara, injin ya yi wata ƙara ta ƙarshe ya yi tsit. Hayaƙin yana washewa sai ga jaki a gabanmu, hanci da hanci da motar, Kawu Sanda a kai da rawaninsa da buta a rataye. Lungun kuwa ba shi da wata mafita.

"Wane marar hankali na yat toshe muna hanya da kwanon wanki?"

Idonsa ya yi rauni, motar kuma ta canza kama, bai gane ta ba. Ya sauko daga jaki, dogo siriri, yana huci, ya kutsa ta jikin darni ya nufo tagar hagu, inda kowane direban zamani yake zama, don ya wanke shi tas. Tsayuwa ba ta yi masa ba, rufin motar iyakarsa cinyarsa. Ya sunkuya bai ga kowa ba. Sai ya dafa ƙofa ya durƙusa gaba ɗaya, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya cusa kai ta taga da baki buɗe. Tsakanin hancinsa da na Inna bai kai taƙi ɗaya ba.

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna a kan dugadugansa. Inna ta laluba marfin ƙofa, amma shi ya tokare ta, kuma ko ta buɗe ina za ta? Ni na fita ta tagata na bi ta kan bonet. Mutanen da suka fito daga masallaci suka rugo za su ɗaga shi, sai na tare su da hannu biyu, na ce su dakata. Wani dattijo a cikinsu ya dube ni, ya dubi motar, ya gane, ya juya ya fara kora mutane baya.

"Ku tashe ni! Ba ku ji ba?" in ji Kawu.

Na buɗe bonet na ɓoye kaina a ciki kamar mai gyara, kunnena kuwa yana waje. Inna ce ta fara.

"Ka ƙare, Yaya."

"Ke ko kin ƙara ƙiba, Hajo."

"Ina za ka da jaki cikin ranar ga?"

"Inda ba ki."

Jakin ya miƙo wuya yana shinshinar fitilar motar. Can sai na ji muryar Kawu ta sauka.

"Tsamiyar nan ta mutu ta ciki, Hajo. Gara ta cinye ta. Tsoro niji ta hwaɗo ma yara."

"To mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Kin bari in yi magana? Reshe guda ya rage mai kyau, nis sa anka sassaƙa maki kujera. Tana nan ƙarƙashin gadona tun shekarar."

Inna ta yi wani sauti da ban san ko dariya ba ne ko kuka. Ta ce masa gobe za ta tafi, likkafaninta yana cikin jaka, ya gafarta mata abin da ta faɗa masa a gaban 'ya'yansa. Kawu ya kifa goshinsa a kan ƙofar motar, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa shi ne babba, shi ya kamata ya zo tun tuni. Ni ma na yi kuka a cikin bonet, hawayena suna ɗiga a kan inji suna ƙonewa. Ba zan ɓoye muku ba, kashi ɗaya cikin uku na kukan na injin ne.

Mutum uku suka ɗaga Kawu, aka yanke darni aka ciro Inna. Motar kuma shanun noma suka ja ta da baya zuwa gindin wata bishiyar bedi. Da la'asar muka dawo a akori-kurar wani mai albasa, Inna a gaba da 'yar kujerarta a cinya, ba ta ko tuna cewa motar haya ce ba. Bayan kwana biyu na kai Mamman ya duba. Ya saurari bayanina, ya gwada juya injin da sifana ya ƙi, ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya, kuma kayansa ko a Legas sai an dace. Sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana kaɗe riga da fara'a.

"Amma ka ga waldata, Malam? Ko gezau."

Inna da ta tafi da likkafani ta dawo da shi a naɗe, ta ƙara shekara shida tana yi mana faɗa. Kawu ne bai jira ta ba. Tana Makka, kwana biyu bayan Arfa, ya kwanta da zazzaɓi da safe, kafin magariba an yi masa sutura. Ni aka ɗora wa sanar da ita. Na yini ina juya wayar a hannu kafin na iya kira. Ta yi salati, ta yi masa addu'a. Sannan ta ce ba su da sauran magana ita da shi, sun gama komai, alhamdu lillahi. Na ce haka ne, Allah ne ya nufa aka dace.

"Allah na," in ji ta. "Amma shekara arba'in ina shiga motar ga, na san kukanta. Na ji sa'ad da tah hwashe, na kuma ga hannunka bisa makulli. Ido kawai nir ruhe, don kar ka duban ka ji nauyi."

Na zauna a dakalin ƙofar gida da wayar a kunne, ina jin hayaniyar alhazai a bayanta, har ta gaji da jira ta kashe.